Hotunan Bankok

"Wannan kasuwarsu ce ta kan ruwa, a kwalekwale ake ciniki," in ji Inna Barira, tana miƙa wa matan maƙwabta hoto. "Nan fadar sarkinsu ce, rufin sai ƙyalli. Ga gunkinsu a kwance, ya fi rumbu goma tsawo."

A kowane hoto ɗanta Sama'ilu ne tsaye yana murmushi. Shekarar da damina ta ƙi aka sayar da gonar gado, aka ba wani dillali kuɗin ya kai shi Bankok sarin takalma.

Da matan suka watse, ƙanwarsa Fadima ta durƙusa.

"Inna, jiya na ga Yaya a kasuwar Bici yana dako. Ashe dillalin guduwa ya yi. Hotunan nan mai hoto ne yake haɗa masa."

Inna ta ci gaba da jera hotunan a cikin kwalla.

"Shekara biyu ke nan, duk ranar kasuwa sai na bi ta gabansa in ga ko ya rame. Ɗan fari ne, ya saba ina kau da kai. Har yau zato yake ban gan shi ba."