Mai Kulle Manhaja da Mai Barinta a Buɗe

Tunda ka tambaya ko manhajar sayarwa za ta kori wadda ake bayarwa kyauta, ga misali.

An yi wata mata a wani birni, sana'arta rubuta manhajar kwamfuta. Ta haɗa wadda asibitoci ke ajiye bayanan marasa lafiya a ciki, ta kulle sirrinta, duk mai so sai ya biya. Masu biyan kuma ba su yi asara ba, don ko ranar Sallah abu ya lalace, in aka kira ta za ta zo. Sai dai ba daga ƙasa ta fara gininta ba. Harsashin da ta ɗora ta a kai wani malamin kwaleji ne ya rubuta, ya bar shi a fili kamar rijiyar bakin hanya, kowa ya ɗiba, wanda ya ga gyara ya gyara. Ƙananan asibitocin karkara da ba su da halin sayen tata, da nasa suke lallaɓawa. Ita kuwa kallon marar wayo take yi masa, ko gaisuwa ba ta taɓa aika masa ba.

Ana nan, nauyin iyali ya yi wa malamin yawa, ya ajiye aikin ya koma noman rani. Ba a jima ba ɓaraka ta fito a harsashin. Wata safiya likitocin da ke aiki da manhajar matar suka kunna kwamfuta, babu sunan majiyyaci, babu maganin da aka ɗora shi a kai, ga mutane jere a benci suna jira. Ta tara ma'aikatanta suka yi ta toshiya, in an toshe nan can ya ɓalle. Da ta ga ba sarki sai Allah, ta kama hanya, ta same shi a fadama yana ba albasa ruwa. Ta ce ya sayar mata da harsashin ta haɗa ta kulle. Ya ce, "Hajiya, ai ba nawa ba ne ni kaɗai, hannu da yawa sun taɓa shi. Amma in za ki ɗauke mini cefane, zan koma in kula da shi, kowa ya amfana, har masu gasa da ke." Ƙarshen zancen bai yi mata daɗi ba. Duk da haka ta amince. Cikin makon ya ɗinke ɓarakar. Har yau tata a kulle take, nasa a buɗe, kowannensu yana cin abinci ta dalilin ɗan'uwansa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da abokin daka akan sha gari.