Lauya da Kujerar Alƙali

Ka ce kana tsoron kada mai cin amana ya ɓuya a cikinku har abada. Kwantar da hankalinka, in ba ka misali.

A ƙasar Ingila, zamanin da sarki da majalisa suke ja-in-ja a kan haraji, an yi wani lauya ɗan mai sayar da ulu. Tun yana matashi ya yi suna, don shi ya tsaya wa makiyayan garinsu a gaban alƙali har aka mayar musu da makiyayar da wani attajiri ya killace. Da lokacin zaɓe ya zo, sai mutanen gari suka tura shi Landan ya zauna musu a majalisa. Can ma bai ba su kunya ba. In ya miƙe cikin baƙar rigarsa yana kawo hujja cewa sarki ba shi da ikon ɗora haraji sai da yardar majalisa, har masu gyangyaɗi sai sun farka. Amma akwai abin da ke cin ransa: yana son kujerar alƙali kamar me, kujerar kuwa sarki ke bayar da ita. Wata rana da hantsi ya shiga kwalekwale zai ƙetare kogi, sai ya tarar da wani bafade a ciki. Bafaden ya yi ta yaba iliminsa, ya ce asara ce irin wannan kai ya tsufa a kan bencin majalisa alhali akwai kujerar da ba kowa a kanta. Abu ɗaya ya nema: a gidan wa 'yan majalisa suke haɗuwa su ƙulla maganar da suke zuwa su faɗa? Lauya ya dubi ruwa, ya dubi ƙeyar matuƙi, ya faɗi suna ƙasa-ƙasa. Sunan amininsa ne, wanda suka yi karatun shari'a tare suna cin abinci a kwano ɗaya. Ya gaya wa ransa cewa iyakarta a ja wa mutumin kunne. Ba a jima ba dogarai suka tafi da aminin nasa kurkuku.

Babu wanda ya sani, amma daga ranar lauya ya riƙa ganin kamar duk duniya ta zuba masa ido. Wanda ya gaishe shi da fara'a, sai ya ce ba'a yake yi masa. Wanda ya wuce bai gan shi ba, sai ya ce labari ya kai masa. Ya daina hawa kwalekwale, ya riƙa zagayawa ta gada cikin ruwan sama, don kada ya haɗa ido da matuƙin nan. Matar aminin nasa ta zo gidansa da jajayen idanu, ta roƙe shi ya tsaya wa mijinta, ta ce duk Landan ba ta da wanda ta amince wa kamarsa. Shi da ya saba tatsar shaidu a kotu, sai ya zauna yana auna kowace kalma tata, yana neman inda aka ɗana tarkon. Har 'ya'yan tuffa da ta kawo masa a kwando bai taɓa ba, ya bar su suka ruɓe. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne abokan zamansa na majalisa. Sai ya hango su sun haɗa kai a bakin ƙofa suna magana, da ya matso sai su yi shiru, wani ya dube shi ya yi murmushi. Sau da dama ya ji sunansa ya fito daga cikin raɗar. Abinci ya daina shiga, rigarsa ta yi masa yawa, matarsa ta tambaye shi ko ciwo ne, ita ma ya bi ta da kallon wa ya aiko ta.

Ran nan aka cika majalisa, aka rufe ƙofofi. Dattijon cikinsu ya miƙe a kan sandarsa ya ce ɗan'uwansu, aminin lauya, yana ɗaure, kuma akwai mutum ɗaya a ɗakin nan da suka daɗe suna shawara a kansa a asirce, yau za a faɗi sunansa kowa ya ji. Yana faɗa yana juyowa wajen lauya. Kafin ya rufe baki lauya ya zabura.

"Suna kawai na faɗa! Ban san kama shi za su yi ba!"

Dattijo ya dube shi ya ce, "Mu kam zaɓenka muka yi ka jagorance mu gaban sarki neman a sake shi, don ba mu ga wanda ya fi ka kusa da shi ba. Mun ɓoye ne saboda kunnuwan fada."

A ranar aka kore shi daga majalisa. Ya nemi bafaden, aka ce ba ya nan. Fada ba ta amfani da kunnen da kowa ya san nata ne, kujerar kuma wani aka ba. Aminin nasa ya fito daga baya, da tari a ƙirji wanda bai rabu da shi ba. Lauya ya koma garinsu, inda makiyayan da ya taɓa tsaya wa suke kora tumakinsu ta ƙofar gidansa ba mai ɗaga kai.

To ka ji. Ba sai ka bi kowa da bincike ba, ka dai buɗe ido ka yi haƙuri. Hausawa sun riga sun gama magana: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.