Muryar Lantana a Gidan Tarihi

Tun da aka kafa dokar cewa muryar duk wanda ya rasu ta zama ta hukuma, Malam Tanimu yake cigiyar inda aka kai ta marigayiya matarsa, Lantana. Da ya ji tana gidan tarihi na babban birni, sai ya sa 'yarsa Asabe ta raka shi.

A ƙofa aka ɗaura wa kowa zare mai ɗauke da sunansa. Suka wuce takubba da tukwanen mutanen da, ko kallonsu bai yi ba. Can ƙurya suka tarar da mutum-mutumin wata mace riƙe da taɓarya, tana yi wa baƙi bayanin surfe. Muryar Lantana ce, har da ɗan jan numfashin da take yi kafin ta ce "to".

"Baba, mu tsaya daga nan," in ji Asabe. "Jin ma ya isa."

"In zo har nan, in koma ban gaishe ta ba?"

Ya gyara hula, ya matsa, ya yi sallama. Mutum-mutumin ya juyo.

"Sannu da zuwa, Tanimu."

Ya tsaya cak. Duk tsawon zamansu, Lantana ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa.

Ya daɗe yana kallon ƙasa, har na bayansa suka fara ƙorafi.

"Asabe, mu tafi," ya ce a hankali. "Wannan ba ta san ni ba."