Katangar da Falke Ya Gina wa Uwarsa

Ɗan'uwa, kana mamakin yadda za a ci zalin tsoho a unguwa cike da mutane, ba wanda ya sani. Ni ma na daɗe ina juya abin a raina. Ga misali.

Wani falke mai fataucin goro a Kurmi, can kudu, ya bar uwarsa a gida, ƙanwarsa wadda mijinta ya rasu tana kula da ita. Dangar gidan ta kara ce, duk ta ɓule. Ta nan maƙwabciya ke miƙo kasko da safe ta ɗebi wuta, ta nan makitsiya ke leƙowa ta tsokani tsohuwa. Da falke ya ji ɓarayi sun addabi unguwa, sai ya zo ya cire danga, ya ja katanga, ya kafa mata fasassun kwalabe, ya sa ƙofar ƙarfe, ya ce kada a buɗe wa kowa, ya koma fataucinsa. Maƙwabciya ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta koma ɗibar wuta wani gidan. Jinya ta rage wa ƙanwar ita kaɗai: wanka, wanki, ga tsohuwa ta fara rikicewa, ta ci tuwo ta rantse ba a ba ta ba. Abin ya fara da tsawa, da ta ga ba mai ji sai hannu ya biyo baya. In falke ya bugo waya, ita ke kara wa tsohuwa a kunne, tsohuwa ta ce lafiya lau.

Bayan shekara ya dawo, ya zagaya katangarsa, ko kwalba ɗaya ba ta faɗi ba, ya ji daɗi. Ana jibi Sallah ya aika a kira makitsiya. Tana cire wa tsohuwa ɗankwali ta ga kumburi da tabo, sabo da tsoho, sai ta kira shi. Ya ce, "Inna, me ya same ki?" Tsohuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Ƙyauren ɗakina ne ya buge ni." Ya juya ya dubi ɗakin. Babu ƙyaure, asabari ne a rataye.

Tausayin tsohuwar nan nake ji har yau, ta sha duka kuma tana rufa wa 'yarta asiri. Falke ya tsare ta daga baƙin da ba su taɓa ta ba, ya toshe idanun da ke gadinta. Gaskiyar Hausawa: ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.