Musaddas ɗin Wakili Haladu

Haladu ba ya zama sai ya gyara gefen jallabiyarsa na dama, a hankali, yadda kowa zai ga tudun da ke ƙarƙashi. Shekara uku ke nan yana haka a kasuwar Gadarif, kuma shekara uku ba wanda ya ɗaga masa murya. Ba a taɓa jin ƙararta ba, ba a taɓa ganin bakinta ba, amma kowa ya san wakilin gonar Alhaji Sharu yana yawo da musaddas, ƙaramar bindigar nan da ake sokewa a ƙugu.

Shi kuwa ɗan tsurut ne, ga murya kamar ta ɗan akuya. Kafin tudun nan ya bayyana, leburori kan watsar masa da riɗi ana tsakiyar yanka, su koma gonar da tuwonta ya fi kauri. Riɗi kuwa in ya bushe a tsaye ba ya jiran kowa, fashewa yake ya zube ƙasa. Sau biyu hakan ta faru, Alhaji Sharu ya rantse ta uku kora ce. Tun da tudu ya zo, ƙarti arba'in ke yanka har sai an ce su huta. Aikinsa da girmansa, har shayin da ake fara miƙa masa, duk a gefen jallabiyar nan suke rataye, kuma ya sani.

Da aka fara cewa duk mai ɓoye bindiga a jikinsa sai ya mallaki ruksa, wato takardar izini, teburin shayin Ummusalama ya koma majalisa. Jatau, wani ƙaton mai yankan riɗi da ya daɗe yana haɗiye fushin Haladu, ya yi ta maza ya ce:

"Wallahi daidai ne. Tarakta ma sai da ruksa ake tuƙa ta, balle abin da ke kashe mutum."

"Ya zol, kai bawan Allah, ruksa ta matsorata ce," in ji Haladu yana shafa gefensa. "In je ofis su ce in ɗora ta a tebur, su karanta lambarta, yaran gwamnati su yi ta juya ta? Abadan! Tawa ba ta fitowa don kallo."

Jatau ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Sai Rufa'i direban tarakta ya sako nasa zancen da kowa ya haddace, na sifanarsa ta kwance noti, mai lanƙwasa, da ta ɓata tun shekara uku baya, irinta babu ko a Khartum. Aka ce don Allah ya ƙyale mutane ana maganar manya.

Ranar Talata da hantsi lori ta kwashe su daga kasuwa zuwa gona, Haladu a gaba, ƙartin a baya. Sun yi nisa a hanyar Gallabat sai ga shinge, wurin da bai taɓa samun shinge ba. Wani tsohon shawish, wato sajan 'yan sanda, ya taso daga inuwa, kekensa jingine da bishiya, ƙafar baya a karkace.

"Kowa ya sauko. Bincike."

Haladu ya sauko tare da ƙartin. Aka jera su a bakin hanya ana lalube ɗaya bayan ɗaya, amma ba wanda ke kallon kowa sai shi. Jatau har haƙoransa na ƙarshe a waje. Haladu ya san in hannun nan ya shiga ƙarƙashin jallabiyarsa a gaban ƙartin nan, tasa ta ƙare, daga aikin har shayin. Bai taɓa jin tsoro irin na wannan hantsi ba.

Da layi ya zo kansa ya yi ƙasa da murya.

"Janabu, ranka ya daɗe, kalma ɗaya. Bayan mota."

Jatau ya leƙa ta ƙarƙashin lori. Ya ga takalman shawish, ya ga gwiwoyin wakili a ƙasa. Ya jiyo "buhun riɗi", can kuma ya jiyo "to, biyu".

"Ku zo ku ga mai raina ruksa," ya raɗa wa na kusa. "Roƙo yake a sake shi."

Ba a sake shi ba. Suka fito hannayen Haladu ɗaure da igiya, shawish riƙe da wani abu naɗe cikin tsumma mai maiƙo, fuskarsa a murtuke kamar mai danne atishawa.

"Musaddas ba ruksa!" ya daka tsawa har direban lori ya ji. "Harsashi shida a ciki!"

Haladu ya ɗaga kai ya dubi ƙartin ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Jatau.

"Ku kula mini da riɗi. Zan dawo."

Dariyar Jatau ta koma ciki. A kwana ukun da wakili ya yi a kulle, an yanke riɗin da ake yankewa a mako, ba mai tsaro, ba mai tsawa. Ranar Juma'a ya dawo kasuwa ya zauna, ya gyara gefen jallabiyarsa na dama, sai ga tudu ya dawo mazauninsa. Mutumin da hukuma ta ƙwace wa ɗaya ya samo wata cikin kwana uku, wa zai ja da shi? Ummusalama ta miƙa masa shayi da hannu biyu. Jatau da kansa ya ce, da ya sake tunani, ruksa ba dole ba ce.

Tsohon shawish kuwa har ya bar aiki yana mamaki. Shekara ashirin ana durƙusa masa don ya saki mutum, ranar nan ce kaɗai aka ba shi buhu biyu don ya kama. Abin da ke cikin tsumman ma ya yi masa rana, da shi ya ɗaure notin ƙafar kekensa, Rufa'i kuma a wannan makon ya nemi sifanarsa ta biyu ya rasa.