Jan Ƙyalle a Wuyan Hannu

"Ka rantse makarantar nan ƙalau take?" na tambaye shi.

Akwatina na buɗe kan gado a Kumasi, gobe zan ajiye aikina. Saurayina kuwa yana cikin allon waya, can ƙasar sanyin da ya riga ni zuwa koyar da Turanci. Makarantarsu ce ta ɗauke ni nima. Na bincike ta ko'ina, yabo kawai na tarar, shi ya sa na nemi bakin da bai taɓa min ƙarya ba.

"Matsoraciya!" Ya yi dariya. "Aljanna ce. Ki dai taho min da garin fufu."

"To me ya ramar da kai?"

"Kewarki mana."

"Fasfo ɗinka fa?"

"Maigida ya adana mana. Ga shi ma yana gaishe ki."

Mai makarantar ya leƙo da murmushi, ya dafa kafaɗarsa. Na juya harshe zuwa namu, saurayina ya amsa da Turanci, wai dokar gidan ce.

Sai ya ɗaga hannu zai yi sallama, ya daɗe bai sauke ba. A wuyan hannun akwai jan ƙyalle. Mu Asante ba ma ɗaura shi sai mun yi rashin namu, kuma danginsa kaf na gan su a coci ranar Lahadi. Ashe makokin kansa yake yi, yana gargaɗina kada in zo.

Allon ya mutu.

Na kwashe kayana daga akwati. Da na iso kan kente, yadin da muka tanada don aurenmu, na yagi bakin jan zanena, na ɗaura a hannuna.