Ƙaramin Jet a Ranar Sanyi

Raili tana zuba masa kofi ta tambaye shi, kamar da wasa, wane jet, wato ɗan bututun da ke ba inji mai, zai saka a kafiretar babur ɗinsa ranar Asabar, tunda an ce sanyi zai ƙaru. Taisto ya ɗago ya dubi matarsa. Ba yau ta fara irin wannan tambayar ba.

"Sai na gani," in ji shi.

Shekara da shekaru shi ke cin tseren tsofaffin baburan ƙanƙara a kan tafkin garinsu. Injinan duk sun tsufa, ba ƙarfi ke kai mutum gaba ba, sai sanin jet ɗin da zai ba inji mai daidai da sanyin ranar, da ɗaure kuloci ya kama a lokacin da ya dace. A nan babu wanda ya kamo ƙafar Taisto.

Amma bana jan babur ɗin Oiva ke cinyewa. Oiva abokinsa ne na yarinta, ƙato mai tumbi, yana jan ƙafa tun da aka yi masa aiki a ƙugu. Da an ɗaga tuta sai babur ɗin ya fice kamar an harba shi, ya bar Taisto yana share ƙanƙara daga gilashin hularsa. In ya tsallaka layi ba ya tsayawa gaisawa, zarcewa yake bayan motarsa ta kaya a bakin daji. Sai an jima Oiva ya ɗingiso, hular kwano a hannu, ko gumi babu, yana karɓar barka.

Wata ranar Talata Taisto ya leƙa garejin Oiva da sunan aron sifana. Kulocin jan babur yana buɗe a kan tebur. Ya ɗauki ƙarafan ya auna a tafin hannu, ya matsa sifirin.

"Wannan saitin ba zai ɗauki buhu irinka ba. Ka hau a haka, inji ya shaƙe tun a layi."

"Ramewa na yi, ba ka lura ba?" Oiva ya ce yana shafa tumbi.

Taisto ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ɗauka na bogi aka baje masa, na gaskiyar yana ɓoye. Zai fita ne idonsa ya faɗa kan safar hannu a rataye jikin ƙusa, ƙarama, shuɗiya. A gabansa Raili ta saƙa ta.

A hanya ya riƙa haɗa abubuwa. Yawan fitar da take yi da yamma, wai gidan ƙanwarta za ta. Warin man inji a gyalenta. Kuma ta san abin da take tambaya, don ita ma ta yi tsere da ƙuruciya, kafin ya ce mata mahaukaci ɗaya ya ishi gida. Wato sirrin saitinsa take kwasa daga teburin cin abinci tana kai wa Oiva. Abin da ya sa take kai masa kuwa, Taisto bai yarda ya bi tunanin har ƙarshe ba. Ya daina cin miyar kifinta da daɗi, ya koma juya mata baya in sun kwanta.

Ranar Juma'a da safe ta sake tambaya. Ya faɗa mata lambar wani ƙaramin jet.

"Bai yi ƙanƙanta ba a wannan sanyin?" ta ce.

"Na gwada jiya. Tashi yake kamar tsuntsu."

Ta gyaɗa kai, ta miƙo masa burodi da man shanu.

Ƙaramin jet a sanyi mai tsanani yunwar mai yake sa inji. Zai yi gudun ban mamaki na ɗan lokaci, sannan fistin ya ɗau zafi ya maƙale. Idan jan babur ya mutu gobe a tsakiyar fili, Taisto ya sami shaidarsa. Ya gaya wa kansa kunya kawai Oiva zai sha. Ya san inji kan maƙale ana tsakar gudu ya yar da mutum, amma ya ture wannan gefe.

Asabar ta zo da sanyi mai daskarar da gashin hanci. Raili ta riga shi fita, ta ce a rumfar kofi da gasa tsiran nama za ta taya aiki, kamar kullum. Taisto ya saka babban jet a nasa, ya duba fulogi, ya ja zuwa layi. Jan babur ya iso a makare, mahayin a rufe ruf cikin hular kwano da baƙin gilashi. Bai waiwayo ba.

Aka ɗaga tuta. Jan babur ya yi gaba yana wani siririn kuka, kuma Taisto na jin kukan ya gane. Raili ta kai saƙon. Ya danna mai.

A miƙaƙƙiyar hanyar da ke bayan wani tsibiri a tafkin kukan ya yanke. Babur ɗin ya yi tirjiya, ya juya gefe, ya wuntsila. Mahayin ya tashi sama, ya faɗo, ya zame a kan ƙanƙara har ya daki tulin ƙanƙarar da ke gefen hanya, bai ƙara motsi ba.

Taisto ya taka birki ya diro. Ya nufi wurin yana cewa, "Oiva, tashi. Tashi mana, tsoho." Sai da ya durƙusa ya lura da yadda rigar tseren ta yi wa mai ita yawa.

Daga bayansa ya ji ana ture mutane. Ya waiwaya, ya ga Oiva ya taho daga bakin daji cikin rigar zaman gida, yana jan ƙafa, yana faɗuwa yana tashi, yana kiran sunan Raili.